Ba Laifin Janareta Ba Ne, Kwamfutar Ce Ke Gyangyaɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu in amayar da wani abu da ya daɗe yana cina. Na san masu rubuto maka sun fi kawo kukan hanya da ruwan famfo da tsadar masara. Nawa kukan a kan wata 'yar ƙara ce da ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ta jawo mini zargi, ta ci kuɗin jama'a, ta kuma kusa sa a karɓe mabuɗin ɗakin na'ura daga hannuna.

Ni mai gyaran kayan sauti ne a Tudun Wada. Shekara 22 ke nan ina shaƙar hayaƙin dalma, ina buɗe cikin amfilifaya da miksa da makirufo. Ni ne kuma kwamitin masallacin layinmu ya ɗora wa kula da lasifika, ba don ana biyana ko sisi ba, sai don shagona ne ya fi kusa, in abu ya lalace yaro ma sai ya ruga ya kira ni.

Masallacin yana da wata tsohuwar laftof 'yar gwanjo da wani bawan Allah ya bayar sadaka. Da ita muke naɗar tafsirin azumi, da ita muke sakin sanarwa, ita ce kuma malamin Islamiyya yake jonawa da talabijin ɗin aji da yamma: ya saki aya, ya tsayar, yara su maimaita, ya saki ta gaba. Tun zuwanta ɗan wana ya ɗora mata Linux, don ƙarfinta bai kai ta ja Windows ba tare da nishi ba. Shekara da shekaru ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba, ba ta kuma taɓa leƙa intanet ba. Ana saura mako guda azumi yaron ya dawo hutu, ya dube ta ya ce, "Baffa, wannan manhajar ai ta tsufa, masu ita ma sun daina kula da ita. Bari in sa sabuwa." Na ce bismillah. Gaskiya ya faɗa, kuma har gobe ban ga laifinsa ba.

Daren farko na tafsiri masallaci ya cika maƙil, har an shimfiɗa tabarmi a kan titi. Na saki sanarwar kwamiti ta ƙare, wuri ya yi tsit, Malam yana gyara zama yana neman shafi. Sai ji muka yi ɗas! daga hon huɗu na saman hasumiya da akwatuna biyu na ciki. Wani dattijo a sahun gaba ya dafe ƙirji yana salati. Mai shayin bakin ƙofa ya saki kofi. Kai ma ka san Kaduna, Edita, garin da in tayar mota ta fashe a Kasuwar Barci sai an ja ƙofar shago biyu-uku kafin a tambayi me ya faru. Bayan ƙarar kuma sai wani ƙugi ya biyo, kamar an saki ƙudan zuma a cikin akwatunan. Malam ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Bai ce komai ba. Da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kowa ya zama injiniya a daren nan. Shugaban kwamiti ya ce janareta ce, Ladan ya ce wayar ƙasa ce ta tsinke tun damina, wani ya ce ɓera ya shiga amfilifaya. Ni ma janaretar na fara zarga, don ta saba. Washegari aka kawo wuta, ƙarar tana nan. Na canza wayar jak. Na ɗauki amfilifayar a ka zuwa shago, na zare kafasita biyu da ba su yi wa kowa laifi ba na sa sababbi da kuɗin kwamiti. Na haƙa rami na sake binne ƙarfen wayar ƙasa, da azumi a bakina. Kwana huɗu ina wannan wahala, har na ji ana raɗe-raɗin a kira wani yaro daga Kawo, wai hannuna ya fara tsufa.

Ranar ta biyar bayan asuba na zauna ni kaɗai a ɗakin na'ura, na rage murya, na cire agogona na ajiye a kan miksa. Na saki sauti, na tsayar, na zuba wa agogo ido. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, ɗas. Na sake. Shida, ɗas. Sau goma na gwada, sau goma a kan shida. Da na saki sauti kuma sai ƙugin ya ɗauke ɗif. A nan jikina ya ba ni. Wayar da ta lalace ba ta san agogo ba, kafasita mai ciwo ba ta ƙirga sakan. Duk matsalar da take cika alkawari haka, mutum ne ya zauna ya rubuta mata lokaci. Na zare jak daga laftof na soka a wayar hannuna, na jira har rana ta fito, ko tari amfilifayar ba ta yi ba.

Ga abin da muka tono ni da yaron, shi yana karanta Turancin ni ina fassara shi zuwa harshen dalma. A cikin kowace laftof akwai 'yar ƙwayar da ke mayar da lissafin kwamfuta ya zama sautin da kunne ke ji. Tun 2004 da kamfanin Intel ya fito da tsarin HD Audio, yawancin kwamfutocin da ke yawo a kasuwanninmu a kansa suke tafiya. Tsakanin ƙwayar da babbar manhaja akwai ɗan shirin da masu kwamfuta suke kira direba, kuma sunan ya dace da shi, don shi ke riƙe da sitiyari. Direban irin tamu a Linux sunansa snd_hda_intel, yana kuma da wani saiti, power_save, wanda lamba ce kawai: sakan nawa zai jira bayan sauti ya tsaya kafin ya yanke wa ƙwayar wuta don a tsimi batir. In lambar 0 ce, ba barci. A tsohuwar manhajarmu 0 ce. A sabuwar 1 muka tarar.

To ina sauran biyar ɗin? Ashe masu gadin biyu ne. A saman direba akwai wani shirin da ke raba sauti tsakanin manhajoji, da PulseAudio ake amfani, yanzu yawanci PipeWire ne. Dukansu in suka ji shiru na sakan 5 sai su saki ƙwayar, su ce ba mai bukatarta. Direba ya ƙara nasa sakan 1 ya kashe fitila. Biyar da ɗaya, ga shidan agogona.

Ita kuwa ƙarar, duk mai gyara ya san irinta. In aka yanke wa ƙwayar wuta, ƙarfin lantarkin da ke bakin jak yakan faɗi farat ɗaya. A 'yar lasifikar cikin laftof bai wuce ka ji kamar an ƙyasta farce ba. Amma amfilifaya ba ta san bambancin wannan faɗuwa da muryar Malam ba, aikinta ta ninka duk abin da aka miƙo mata ta watsa wa unguwa. Ƙugin kuma, da ƙwayar ta yi barci ta saki bakin wayar ba mai riƙe da shi, sai doguwar wayar ta koma eriya tana kwasar kukan lantarkin gini, wanda a ƙasar nan yake kaɗawa sau 50 a sakan. Ƙugin da muka saba ɗora wa janareta ke nan, baiwar Allah.

Da farko na yi fushi, na ce wane marar aikin yi ne ya taɓa abin da yake zaune lafiya. Da na ji asalin maganar sai na sauko. Wannan barcin ya daɗe a cikin direban, amma a kashe yake zuwa sai wanda ya ga dama ya kunna. A 2018 ne wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Hans de Goede, wanda a lokacin yake aiki da kamfanin Red Hat, ya jagoranci aikin ƙara wa batirin laftof kwana a Fedora 28, wani nau'in Linux, cikin matakan har da kunna wannan barci a kan sakan 1. Lissafinsu shi ne ana tsimin wajen wat 0.4. Daga baya wasu nau'o'in Linux suka bi sahu. Ba Fedora ce a kan tamu ba, na kawo ta ne don a ga inda zaren ya faro.

Wat 0.4 kamar abin dariya, amma mu yi lissafin 'yan kasuwa. A ce batirinka yana ɗaukar wat 40 na awa guda, laftof ɗin kuma tana shan wat 8. Awa 5 ke nan. In ta koma shan 7.6, ka samu ƙarin minti 16 ko kusa da haka. Wa ya fi mu sanin darajar minti 16? Ɗalibin da ke buga aikinsa a Unguwar Rimi an ɗauke wuta tun la'asar, ko mai shagon buga takardu a Rigasa da ke lallaɓa 'yar inbatarsa, ba za su raina su ba. Ke nan mutanen nan ba wauta suka yi ba. Sai dai duk mai yanke saitin da kaya zai zo da shi, akwai wani mutum da yake hangowa a ransa. Su wanda suka hango yana zaune a jirgin ƙasa da abin sauraro a kunne. Ba su hango hon huɗu a kan hasumiya a Tudun Wada ba, kuma ta ina za su hango?

Nan ne inda nake so a tsaya a saurare ni, don shi ne dalilin wasiƙar. Masu wannan aiki sun san barcin ba ya karɓar kowace na'ura. Saboda haka a cikin rubutun direban kansa suka buɗe jerin kwamfutocin da aka keɓe, waɗanda ba za a sa su barci ba ko da saitin yana kunne. Na sa yaron ya buɗe mini jerin na gani da idona. Kusan kowane layi, a gefensa an rubuta adireshin ƙorafin da ya sa aka shigar da shi. Wato wani mutum a wani gari ya ji ɗas irin tamu, bai canza kafasita ba, bai zargi ɓera ba, ya zauna ya rubuta: ga irin kwamfutata, ga lambobinta, ga abin da take yi. Aka ƙara layi ɗaya, duk mai irin wannan na'ura a duniya ya huta. Sashen sauti na Linux, wanda ake kira ALSA, wani ɗan ƙasar Cek mai suna Jaroslav Kysela ne ya fara shi a 1998, Takashi Iwai kuma, ɗan Japan da ke aiki da kamfanin SUSE a Jamus, ya daɗe yana karɓar irin waɗannan gyare-gyare. Mutane ne masu suna da adireshi, ba aljanu ba. Na duba jerin sama da ƙasa, babu irin tamu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu in ɗaki ya yi yoyo sai mu tara kwano mu ja bakinmu.

Su a wurinsu irin wannan abu suna gare shi, wanda da Hausa sai in ce koma-baya: abu yana aiki jiya, an kawo gyara yau, ya daina. Garin neman ƙiba an samo rama. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya fara Linux a 1991, ya yi suna wajen zafi a kan wannan. Dokarsa ita ce in sabon gyara ya ɓata abin da yake aiki a hannun mai amfani, to gyaran ne mai laifi, ko a daidaita shi ko a janye shi. Har akwai wani Bajamushe, Thorsten Leemhuis, da ya ɗauki bin sawun irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe a matsayin aikinsa don kada su ɓace a hanya. Amma alƙali ba ya yanke hukunci a kan ƙarar da ba a shigar ba. Kuma kusan duk mako 9 zuwa 10 sabon Linux yake fitowa, in ka yi shiru shekara biyu, an gina bene a kan abin da kake kuka da shi.

Ga wanda wannan ciwo yake damu a tsohuwar laftof irin tamu, maganin layi ɗaya ne. A leƙa fayil ɗin /sys/module/snd_hda_intel/parameters/power_save a ga lambar da ke ciki. In ba 0 ba ce, a buɗe sabon fayil a cikin /etc/modprobe.d/ wanda sunansa ya ƙare da .conf, a rubuta options snd_hda_intel power_save=0 a ciki, a kashe kwamfutar a kunna. Shi ke nan abin da ya cinye mini kwana huɗu da kafasita biyu. Sai dai a kula, in an ɗora wani shirin tsimin batir irin TLP, shi yana da saitinsa na lokacin da ake kan wuta da na lokacin da aka koma batir, kuma duk sanda aka sauya yakan sake rubuta lambar. A garin da ake ɗauke wuta a kawo sau da yawa a yini, sai ka ga ciwon yana zuwa yana tafiya kamar zazzaɓin dare, ka rasa gane kansa. A gyara a can ma.

Na ɗauka an gama, ashe da sauran rina a kaba. Bayan salla aka koma Islamiyya, sai ga wani uba ya zo wurin malamin da 'yarsa 'yar shekara 7 a hannu. Cikin ladabi ya ce, "Allah gafarta Malam, yarinyar nan in tana biya haddarta a gida akwai ayoyin da take cinye harafin farko, na gyara mata ta ce haka ake faɗa a talabijin." Malamin ya kira ni muka zauna a bayan aji muka kasa kunne. Yarinya ta fi mu gaskiya. In yara suka maimaita gajeriyar aya, ta gaba takan fito cikakkiya. In doguwa ce, maimaitawar ta haura sakan 5, mai gadi na sama ya saki layin, talabijin ɗin da ke jone da wayar HDMI ya saki shi ma, kafin ya farka ya kama sautin an wuce harafin farko. Wannan ya fi ƙarar hasumiya tayar mini da hankali. Ƙara tana firgita mutum ya manta, wannan kuwa shiga kan yara take yi a hankali ba wanda ya ji.

Shi ma mun kashe shi, ta wani saiti a WirePlumber, shirin da ke yi wa PipeWire jagora, inda muka mayar da sakan 5 ɗin 0. Watanni aka yi lafiya. Aka sake sabunta manhaja, sai ga harafin ya sake ɓacewa, alhali fayil ɗinmu yana nan inda muka ajiye shi ko ɗigo ba a taɓa ba. Ashe daga fitowar WirePlumber ta 0.5 a 2024 an sauya salon rubuta saitin gaba ɗaya, tsohon salon da muka rubuta namu da shi ba a karanta shi kuma. Masu shirin sun sanar, sun ma rubuta yadda za a mayar da tsoho zuwa sabo. Ni ne ban karanta ba, wannan kam laifina ne. Amma sanarwar da aka rubuta da Turanci aka liƙa a ƙofar da ba na bi, yaya za a yi in gan ta?

Kada masu Windows su yi mana dariya, su ma suna da nasu. Akwai saitin da ke sa ramin USB barci don tsimin wuta, kuma masu ƙananan situdiyo da ke jona akwatin sauti ta nan sun san yadda yake yi musu. Abin da ya sa na matsa a kan Linux shi ne, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin tsofaffin kwamfutocin da muke saye gwanjo. Da yawansu Linux za a ɗora musu a shagunan titin Ahmadu Bello da Kasuwar Gumi, daga nan su wuce masallatai da coci-coci da makarantu da wuraren biki, a jona su da manyan amfilifaya. Kowace ta yi ɗas za a kawo wa irina. In faɗi gaskiya ko da a kaina ne: shekarun baya wani mai kiɗan biki daga Barnawa ya taɓa kawo mini laftof da irin wannan kuka, na canza masa ramin jak na karɓi kuɗina, ya dawo ya ce tana nan, na ce masa miksarsa ce. Yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. In yana karanta wannan, ya zo ya karɓi kuɗinsa.

Roƙona ga 'yan uwana masu gyara shi ne, kafin ku kunna ƙarfen dalma ku cire agogo ku ƙirga. Ga ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna da ta Ahmadu Bello a Zariya kuwa, ku ne kuke da Turancin da mu ba mu da shi. Akwai ɗan shiri mai suna alsa-info.sh da ke tattaro duk bayanan ƙwayar sautin kwamfuta cikin minti guda, abin da masu gyaran direba suke fara tambaya ke nan. Ku zagaya shagunanmu, ku ɗauki bayanan injinan da ke wannan ƙara, ku aika. Da malamanku za su lissafa wannan cikin aikin kammala karatu, da ya fi wasu kundayen da ake ɗaure su da baƙin bango a jibge a kabad amfani. Su kuma masu haɗa manhajar, da za su sa maɓalli ɗaya a fili cikin saitin sauti, wanda Ladan ma zai iya dannawa ya ce kada a yi barci, da ba sai mun shiga rubuta layuka a baƙin allo ba.

Mu dai namu ƙorafin yaron ya aika kafin ya koma makaranta, da lambobin laftof ɗin da bayanin sakan shida, muna jiran amsa. Kafin nan na rubuta saitin biyu da biro a kan kwalin sabulu na manne shi da salatif a ƙarƙashin laftof ɗin, na ƙara da cewa duk wanda zai sabunta manhajar nan ya fara biyowa ta shagona.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai gyaran lasifika,
Tudun Wada, Kaduna.